Ƙararrawar gas a motar tafi-da-gidanka: wacce za ka saya, wacce za ka ƙyale?

Duk wanda ya sayi motar tafi-da-gidanka, wato motar da ke da kicin da gado a cikinta, a Amurka ko Kanada, ko ya yi hayarta don yawon hutu da iyali, zai tarar da wani ɗan akwati mai koriyar fitila manne da bango can ƙasa, dab da daɓe, galibi a gindin kabad ɗin kicin ko a gefen gado. Girmansa bai wuce tafin hannu ba. Ita ce ƙararrawar gas. Ba a cika waiwayarta ba sai daren da ta tsala ihu kowa ya farka a firgice, ko ranar da ta fara 'yar ƙara jefi-jefi, alamar wa'adinta ya cika. Daga nan mai mota zai nemi sabuwa, sai ya tarar kayan sun yi yawa: ga mai jin gas kaɗai, ga mai haɗa gas da hayaƙi mai guba, ga mai rufe bawul da kanta, ga wadda ake ɗaurawa a kan tukunya ba ruwanta da lantarki, ga kuma irin ta gida da ake sokawa a soket, wadda ta fi su araha. Kowane mai sayarwa cewa yake tasa ce ke tsare rai.

Ba za a iya zaɓe ba sai an san halin abin da ake gudu. Gas ɗin da ke cikin tukwanen waɗannan motoci furofen ne, ɗan'uwan gas ɗin girki da ake cikawa a Najeriya, sai dai namu butan ya fi yawa a cikinsa. Sanyi ne ya sa can suka riƙe furofen: butan yakan ƙi tashi idan sanyi ya kai wajen digiri 0, shi kuwa furofen yana ci gaba da zama iska har digiri 42 ƙasa da sifiri. Ya fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan sau ɗaya da rabi, don haka idan ya tsere ba sama yake yi ba. Kamar ruwan da aka zubar a tsakar ɗaki yake, ya bi daɓe, ya gangara ƙarƙashin gado da bayan kabad, ya kwanta a inda ya fi kwari. Idan ya kai kashi 2.1 cikin 100 na iskar wurin, zuwa wajen kashi 9.5, tartsatsi ɗaya ya isa. Kuma motar cike take da masu ba da tartsatsi: famfon ruwa mai tashi da kansa, fankar na'urar ɗumama ɗaki, makunnin fitila, har da 'yar wutar da ke ci a bayan firij mai aiki da gas. Ɗakin ƙarami ne, ƙofa da tagogi duk da roba a bakinsu don kada sanyi ya shigo.

Furofen ba shi da wari. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ake ji wani sinadari ne, etil makaftan, da ake zubawa da gangan. Hanci na da amfani da rana, amma da dare ba a dogara da shi. Mai barci ba ya jin wari yadda mai ido biyu ke ji, gado yana sama gas yana ƙasa, mai mura da tsoho hancinsu ya yi rauni, kuma hanci na sabawa da wari idan ya daɗe. Warin ma kansa yakan dusashe a sabuwar tukunya ko wadda ta yi tsatsa ta ciki.

Abin da na fi so mai saye ya riƙe shi ne yoyon gas ba iri ɗaya ba ne, kuma kowace na'ura irin nata take kamawa. Akwai na kan murhu: wani ya wuce ta lungun kicin, ƙugunsa ko jakar da ya rataya ta goga makunni, ko yaro ya murɗa, gas ya riƙa fita ba wuta. Akwai na a hankali, a mahaɗar bututu da jijjigar hanya ta sassauta, ko a gajeren tiyon roba da ke tsakanin tukunya da regileta, wanda rana da sanyi suka tsattsage, ko ɓera ya ci. Sai babban, wanda taya ta fashe ta tsinke bututun da ke bin ƙarƙashin mota, ko aka yi hatsari. Na farko a cikin ɗaki yake. Na biyu da na uku sau da yawa a waje suke, domin tukwanen a waje ake ajiye su, a gaban tirela ko cikin akwati mai kafar iska, manyan motoci kuma tankinsu a jikin shasi yake.

Bari in fara sallamar ta gida, mai shiga soket. Yawancinsu don gas ɗin bututu na cikin gari aka yi su, wato mitan, wanda ya fi iska sauƙi, shi ya sa ake kafa su sama. Ko da ka samu wadda aka rubuta tana jin furofen, wuta mai volt 120 take so, soket ɗin motar kuwa ba ya da wuta sai an jona da na sansanin da ake faka irin waɗannan motoci, ko an tayar da janareta, ko an kunna inbata. Daren da ka kwana a daji ko a wurin hutawar matafiya, a mace take. Ba a kuma ƙera ta don jure jijjiga da zafin motar da aka rufe a rana ba. Araharta ba ta biya ba. Wani kuskuren da ya fi wannan yawa shi ne mutum ya sayi 'yar ƙararrawar kabon monoksaid, wato hayaƙin nan mai guba, mai aiki da batir, ya ɗauka ta haɗa har da gas. Ba ta jin furofen ko kaɗan.

Ginshiƙin al'amarin ita ce mai volt 12, wadda ake jona wa batirin ɗakin motar kai tsaye. Irinta ce kamfanonin Elkhart da kewaye a jihar Indiyana, inda ake ƙera mafi yawan waɗannan motoci, suke sakawa tun daga masana'anta, bisa ƙa'idar NFPA 1192 ta ƙungiyar kare gobara ta Amurka. Sunayen da za ka fi cin karo da su su ne Safe-T-Alert, Atwood da RV Safe. A cikinta akwai ɗan ƙanƙanen sinadarin kuza da wata siririyar waya ke gasawa dare da rana. Idan gas ya taɓa shi, yadda lantarki ke ratsa shi sai ya canza, na'urar ta gane. Wani ɗan Japan, Naoyoshi Taguchi, shi ya fito da wannan dabara kasuwa a ƙarshen shekarun 1960. Ƙa'idar UL 1484, ta cibiyar gwajin kayayyaki ta Amurka da ake kira UL, ta ce dole ta yi ƙara kafin gas ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na adadin da zai iya kamawa da wuta, wato wajen rabin kashi ɗaya cikin 100 na iska. Ke nan tana ba ka tazara mai kyau ka fita.

Wannan gasawar ita ce tushen duk ƙorafin da ake yi da ita. Na ɗaya, tana shan wuta, shi ya sa ba a yin ta da ƙananan batura irin na tocila. A ƙaddara taka na jan miliyam 75 (miliyam 1,000 ne am ɗaya). A kwana ɗaya ta sha am 1.8, a wata guda am 54. Batirin ruwa mai am 100 rabinsa kawai ake so a taɓa, don haka motar da aka ajiye wata ɗaya ba a cire batir ba za a dawo a tarar ya kwanta, ko da an kashe komai. Na biyu, ba ta bambancewa sosai. Turaren fesawa, maganin sauro na gwangwani, man gyaran gashi, galibi da butan ko furofen ake tura su waje, saboda haka idan uwargida ta fesa turare kusa da ita ta yi ihu, gaskiyarta ce. Tana amsa wa barasar da ke cikin man goge hannu, da wasu ruwan wanke daɓe, da iskar da batirin ruwa ke fitarwa idan caji ya yi masa yawa. Masu kare ma sun san idan ya kwanta a gabanta ya saki iska, sai an tashi. Batir idan cajinsa ya yi ƙasa, nan ma takan yi kuka, sai dai salon ƙarar da launin fitilar daban ne, kuma bayanin yana rubuce a fuskarta ko a takardarta.

Na uku, tana tsufa. Wa'adinta shekara 5 ne zuwa 7, gwargwadon kamfani. Tsohuwa takan yi ɗayan biyu: ko ta dame ka da ƙarar banza, ko ta yi gum ta daina ji alhali koriyar fitilarta na ci. Ta biyun ce abin tsoro. Maɓallin gwaji yana nuna maka cewa ƙaho da wayoyin ciki na aiki, amma bai isa ya wanke wadda shekarunta suka wuce ba. A ganina ranar da aka buga a bayanta ta fi sunan kamfanin da ke gabanta muhimmanci. Sabuwa ta kowane kamfani mai hatimin UL ta fi tsohuwar da ta fi kowacce suna. Canzawar ma ba wuya: kusoshi biyu, wayoyi biyu, ja da baƙa, kuma kuɗinta galibi bai kai dala 100 ba. Abin lura kawai, ka auna ramin da ke bango kafin ka saya, domin akwai mai nutsewa ciki, akwai mai zama a kan katako.

Yanzu ga inda mutane suka fi rarrabuwa: mai gas kaɗai, ko mai haɗe da kabon monoksaid? Wannan hayaƙin ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne ke kashe iyalin da suka kwana da janareta a baranda, ko suka shigar da kaskon gawayi ɗaki da hunturu suka rufe ƙofa. Ba wari, ba launi. A motar tafi-da-gidanka yakan fito daga janaretan motar, ko na maƙwabcin da ya faka kusa da tagarka, ko na'urar ɗumama ɗaki da ta tsage ta ciki, ko murhun da aka bari a kunne don jin ɗumi. Ƙa'idar UL 2034 ta tsara lokacin ƙara gwargwadon yawansa: idan ya kai kashi 70 cikin miliyan, tsakanin minti 60 zuwa 240; kashi 150, minti 10 zuwa 50; kashi 400, minti 4 zuwa 15.

Mai haɗe biyun tana da kyau ta fuskar sauƙi: rami ɗaya, waya ɗaya, rana ɗaya ta canzawa. Amma dole a kafa ta ƙasa saboda furofen, shi kuwa kabon monoksaid nauyinsa kusan ɗaya da iska, yana gauraya da ita, kuma yakan bi ɗumi ya yi sama. Ta ƙasan za ta ji shi, ba shakka, sai dai tana kicin, kai kana ƙuryar mota, wataƙila da ƙofa a rufe tsakaninku, janareta kuma a ƙarƙashin gadonka yake ruri. Matsala ta biyu ta fi damuna: rai ɗaya gare su. Fis ya ƙone, ko batir ya mutu tsakar dare, ko wani ya gaji da ihun turare ya zare waya, shi ke nan an rasa tsaro biyu a lokaci guda. Ita kuwa ta kabon monoksaid mai zaman kanta ba ta gasa komai, ƙananan batura sun ishe ta, wasu ma da batirin da ke shekara 10 a rufe a ciki suke zuwa, kuma ka iya manna ta a bangon ɗakin kwana daidai inda kai yake.

Don haka ba na kallonsu a matsayin kishiyoyi. Idan motarka ta zo da mai haɗe biyu, ka mayar da irinta, kada ka koma mai gas kaɗai don ragin 'yan daloli, sannan ka ƙara mai batir a wurin kwana. Idan ta zo da su a rabe, ka bar su a rabe. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne babbar mota mai ɗaki a baya da janareta, a ce ƙwaya ɗaya ta gindin kicin ita ke gadin kowa.

Sai mai rufe gas da kanta. Wannan ƙararrawa ce irin ta volt 12, amma an ja mata waya zuwa wani bawul na lantarki kusa da tanki. Muddin lafiya, tana riƙe da bawul ɗin a buɗe. Ta ji gas, ko wuta ta ɗauke, sai ya rufe. A jiragen ruwa na shaƙatawa an daɗe da sabawa da irin wannan bawul, domin can gas ba shi da ƙofar fita ta ƙasa. Ita kaɗai ce a cikin masu ƙara take yin wani abu idan ba kowa a motar, ko mai motar kurma ne, ko an bar dabba a ciki an tafi kasuwa. Sauran ihu kawai suka iya. Farashin wannan alheri shi ne riƙe bawul a buɗe na cin wuta fiye da ƙararrawar kanta nesa ba kusa ba, kuma kowace ƙarar banza tana nufin murhu, firij da ɗumama ɗaki sun tsaya. A daren ƙanƙara a tsaunukan Kolorado wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗaura ta a motar da ba ta zo da ita ba aikin ƙwararre ne, tunda sai an yanka layin gas. Ga kuma tarkon da ke kama masu tsofaffin motoci: idan taka ta zo da wannan bawul ka canza ƙararrawar da ta talaka mai waya biyu, bawul ɗin zai zauna a rufe, ka yi ta murɗa murhu ba gas, ka ɗauka regileta ce ta lalace.

Waɗanda ake ɗaurawa a kan tukunya wani fanni ne daban, domin ba sa shinshina komai, gudun gas suke lura da shi. Da ma kana da ɗaya ba ka sani ba. Babban murfin roban nan, kore ko baƙi, da ake murɗawa da hannu a bakin tukunya, a cikinsa akwai ɗan bawul da ke shaƙe gas idan ya yi gudun da ya wuce kima, da wani sashe da ke narkewa ya rufe idan wuta ta kama. Shi ya sa idan ka buɗe tukunya da garaje sai ka ga wutar murhu ta fito 'yar mitsitsiya, kamar gas ya ƙare alhali yanzu ka ciko. Maganinta ka rufe komai, ka ɗan jira, ka sake buɗewa sannu a hankali. Sai dai shaƙewa yake yi, ba ya rufewa ruf. Na'urori irin GasStop su ne ke rufewa gaba ɗaya idan tiyo ya tsinke, kuma suna da ɗan agogo mai allura da za ka iya gwada ƙaramin yoyo da shi: ka buɗe tukunya, ka rufe, ka sa ido ko allurar za ta sauka. Kowace tukunya da nata ake saya. A Turai, kamfanin Truma na Jamus yana yin regileta mai jin karo, wadda ke yanke gas idan mota ta bugi wani abu.

Iyakarsu a bayyane take. Makunnin murhun da aka goga yana fitar da gas daidai yadda yake fita lokacin girki, don haka a wurin wannan na'ura komai lafiya. Ba za ta taɓa maye gurbin ta daɓe ba. Amfaninta na ga mai tafiya da tukunya a buɗe don firij ya ci gaba da sanyi. Wanda ya saba rufe tukunya kafin ya hau titi ya riga ya samu mafi yawan wannan kariya kyauta, kuma firij da ba a yawan buɗewa yana riƙe sanyinsa na sa'o'i. Ko wanne ka zaɓa, a gidan mai dole a kashe duk wata wuta kafin a ɗauki bututun fetur.

Yoyon a hankali na waje fa, wa ke kama shi? Babu ko ɗaya a cikin masu ƙara. Nan ruwan sabulu ne sarki, irin dai yadda masu cika gas ke yi a bakin titi. Ka kaɗa sabulun wanke-wanke da ruwa, ka shafa a bakin tukunya, da mahaɗun regileta, da inda roba ta haɗu da ƙarfe a jikin tiyo. Babban yoyo zai hura manyan ƙwai nan take. Ƙarami sai ka yi haƙurin minti guda ko biyu, ka ga wani farin kumfa mai laushi yana taruwa a gefe ɗaya na mahaɗar yana kumbura. Ka guji ruwan goge gilashi mai amoniya, yana cin tagulla. Akwai kuma 'yar na'urar hannu mai dogon wuya da ake zurawa bayan murhu da firij, tana da amfani wurin gano daidai inda yake, amma ba mai gadin dare ba ce.

Wanda ya fi su duka tabbaci shi ne gwajin matsi da makaniken irin waɗannan motoci ke yi. Regileta na sauke ƙarfin gas zuwa abin da zai ɗaga ruwa inci 11 a cikin bututun awo. Makanike zai jona ma'auninsa a murhu, ya rufe tukunya, ya rage matsin zuwa inci 8, ya jira minti 3. In ya sauka ko kaɗan, akwai yoyo a wani wuri, ko a ƙarƙashin daɓe ne inda hannu ba ya kaiwa. Sau ɗaya a shekara ya wadatar, da kuma duk lokacin da aka taɓa layin. A Jamus duk shekara 2 ake kai motar a yi mata irin wannan bincike.

Idan aljihu ya takura, ga yadda zan jera su: sabuwar ta daɓe mai volt 12 da farko, sai ta kabon monoksaid mai batir a wurin kwana, sai kuɗin gwajin matsi. Ta kan tukunya ta biyo baya ga mai doguwar tafiya da firij a kunne. Mai bawul na lantarki kuwa sai wanda ke zaune a motar shekara cur, yana da faranti mai jan hasken rana ko wutar sansani kullum, kuma yana barin rai a ciki idan ya fita.

Ranar da ta yi ƙara ta gaske, kada ka tsaya danna maɓallin shiru kana shinshine-shinshine. Kashe wutar da ke ci, kada ka taɓa makunnin lantarki ko don kashewa ne, fitar da kowa, bar ƙofa a wangale tunda ta ƙasa gas zai fita, ka zagaya ka rufe tukunya. Waya ma sai ka yi nisa ka kira.

Mai sayen tsohuwar mota kuma, kafin a yi maganar kuɗi ya durƙusa ya kwance kusoshi biyun nan ya juya na'urar ya karanta ranar da ke bayanta, ya duba ko wayar na jone ko an datse ta an cusa cikin bango, ya leƙa akwatin fis ya ga ko an zare nata. Daga nan ya fita ya duba wuyan tukunya, inda aka buga wata da shekarar ƙira. A Amurka tukunyar da ake cirewa idan ta shekara 12 sai an sake tantance ta, in ba haka ba wurin cika gas zai iya mayar maka da ita yadda ka kawo ta.